Tattakinmu a Ushafa: Motar kara, yumɓu da idon zakara

A wannan makon zan ajiye maganar ƙwayoyi da allurai, in ba ku labarin wata fita da muka yi da iyalina a hutun ƙarshen shekara, da abin da na koyo daga cikinta.

Kwana goma da yin hutu, yarana uku ba su taka ko bakin titi ba. Daga talabijin sai waya, daga waya sai faɗa a kan caja. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, babba kuma minti 150 a mako. Wannan magana kullum ina faɗa wa masu zuwa karɓar maganin hawan jini a kantinmu, amma a gidana ban aikata ta ba. Kunya ta kama ni, na ce da Abban yara ranar Asabar mu fita.

Mun zaɓi Ushafa, garin Gbagyi da ke ƙaramar hukumar Bwari a yankin Abuja, ba nisa da Kubwa inda muke zaune. Garin yana gindin manyan duwatsu, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda ke shayar da birnin tarayya. Ya yi suna da ginin tukwane, kuma nan ne Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Kowa ya san yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane, don haka ba mu fita da ka ba. Sai da muka tuntuɓi wani abokin aikin maigidana da ke zaune a garin, shi ya yi mana jagora. Muka yi sharaɗi cewa ba za mu wuce gonakin da ake hango rufin gidaje ba, kuma za mu juyo kafin azahar.

Ƙarfe bakwai da rabi muna kan turbar gona. Hazon hunturu ya lulluɓe kan duwatsu, busasshiyar ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin takalma. An riga an girbe dawa, sai karan da aka jingina tsibi-tsibi, ga itatuwan ɗorawa da kaɗanya da manoma ba sa sarewa. Na nuna wa yara cewa daga wannan ake samun daddawar miyarmu, daga wancan kuma man kaɗen da nake shafa musu a ƙafa. Babban ɗana mai shekara 11 ya tsaya yana kallon bishiyar kamar na yi masa tatsuniya. Wasu mata suka wuce mu ɗauke da itace a kafaɗa maimakon ka, kamar yadda Gbagyi suka gada, muka gaisa.

A gindin wata ɗorawa muka huta. Abban yara ya nemi izinin mai gonar, ya zaro kara uku, ya zauna ya soma abin da ban taɓa sanin ya iya ba. Ya ɓare ɓawon karan sili-sili, ya yanka totuwar guntu-guntu, ya riƙa soka wannan cikin wancan har jikin mota ya fito. Ya yanko tayoyi daga wani tsohon silifa da muka tsinta, ya ɗaura dogon kara na tuƙi. Yaran nan da ba sa iya minti biyar babu waya suka yi kusan awa guda suna miƙa masa kaya. Shi kaɗai ya riƙe wuƙar, kuma ya gargaɗe su cewa ɓawon kara yana yanka kamar reza.

Muna cikin haka autarmu mai shekara 5 ta rugo da hannu a dunƙule. “Umma, kin ga duwatsun ado. Ki ba ni allura in yi sarƙa.” Ta buɗe tafinta, sai ga 'ya'yan idon zakara, jajaye masu sheƙi, kowanne da ɗigon baƙi. Gabana ya faɗi. Na tambaye ta ko ta sa wani a baki, ta ce a'a. Na duba bakin da kaina, na karɓe su, na wanke mata hannu da ruwan gorarmu.

Idon zakara tsiro ne mai yaɗo da ke hawa shinge, kuma da rani kwasonsa ke fashewa 'ya'yan su bayyana. A cikinsu akwai guba mai ƙarfi da ake kira abrin. Ɓawon yana da tauri, amma idan aka tauna ƙwayar ko aka huda ta, gubar za ta fito, kuma har yau ba ta da makari. Alamun kan jinkirta na sa'o'i, wani lokaci har kwanaki, kafin amai da gudawa da ciwon ciki su taso. Saboda haka idan yaro ya tauna, kada a jira a ga alama, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci domin likita ya gane shi. Haka 'ya'yan cini-da-zugu da na zurma, waɗanda yara ke ɗauka kamar gyaɗa, da zaƙami mai gusar da hankali. Farin ruwan tumfafiya kuma yana yi wa ido lahani.

Na yi tunanin mu tattara mu koma gida, sai na ga hakan ba zai koya mata komai ba. Na sa ta kai mu inda ta tsinko su, muka tsaya dukanmu muka kalli ganyen da kwason har kowa ya gane shi. A nan muka kafa doka: duk abin da ba a san sunansa ba, a nuna wa babba kafin a taɓa.

Da muka dawo cikin gari, jagoranmu ya kai mu wurin wata dattijuwa maginiya. Tana zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu da hannu, babu inji. Na ce, “Mama, jikokinki na son su gwada.” Ta yi dariya, ta gutsuro wa kowa curi. Autar ta mulmula ƙananan ƙwallaye, Mama ta huda mata su da tsinke, ta ce idan sun bushe ta zura zare. Ta dai samu sarƙarta. Na ciro takardar Naira 20 na nuna musu hoton Ladi Kwali, maginiyar da ta fito daga wannan yanki ta yi suna har ƙasashen waje, ta rasu a 1984. Muka sayi tulu ɗaya da kasko biyu.

Ga mai son gwada irin wannan fita, a sa wa yara takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji, a riƙe isasshen ruwa da sabulu. Kada a bari su shiga tafki ko rafi mai kwanciya, domin nan ake kamuwa da tsargiya. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, don ƙurar hunturu tana tayar da ita. Sannan a nemi izini kafin a ɗauki komai a gonar mutane.

Ba lallai sai Ushafa ba. Kusan kowane gari yana da bakin gona da za a iya takawa lafiya idan an tambayi mutanen wurin. Motar karan nan tana kan teburinmu har yau, taya ɗaya ta fita, kuma babban ɗana ya ce shi zai gyara ta da kansa idan mun samo sabon kara ranar Asabar. Sai mako mai zuwa.