Kwanaki Shidan Halitta a Kotun Dayton

Shari'ar Dayton takan faɗo mini a rai idan ana gardama kan asalin ɗan Adam. A watan Yulin 1925, a wannan ƙaramin gari na jihar Tennessee a Amurka, aka gurfanar da malamin makaranta John Scopes bisa zargin koyar da ra'ayin Darwin kan asalin ɗan Adam, abin da dokar jihar ta haramta. Saboda zafi da cinkoso, har ƙarƙashin itatuwa alƙali ya mayar da zaman kotu.

Na fi tausaya wa William Jennings Bryan na ɓangaren masu ƙara, mai kare labarin halitta na Littafin Farawa. Lauyan Scopes, Clarence Darrow, ya tsare shi da tambayoyi, har ya amsa cewa kwanaki shidan halitta ba lallai ne su zama na awa 24 ba. Wasu magoya bayansa suka ji ba daɗi. A ganina, babban tsoronsa shi ne a koya wa yara cewa mai ƙarfi kaɗai ke da haƙƙin rayuwa, ga shi ya ga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan damuwa ba abin dariya ba ce.

An ci Scopes tarar dala 100. Bryan ya rasu kwana biyar bayan hukuncin, dokar kuwa sai a 1967 aka soke ta.