Yawon Buɗe Ido A Birnin Paris Bisa Keken Haya

Baƙon da ya shiga Paris, babban birnin Faransa, da ɗan guzirin ɗalibi a aljihu yana da zaɓi uku. Ko ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda yake da sauri amma ba a ganin komai sai duhun rami, ko ya ɗauki tasi kuɗinsa su ƙare kafin azahar, ko kuma ya hau keke. Mu huɗu ne, ɗaliban sashen Faransanci da muka je kwas ɗin hutu, kuma keke muka zaɓa.

Sunan tsarin Vélib'. An haɗa shi ne daga kalmomin Faransanci biyu masu nufin keke da 'yanci. Ya fara aiki a watan Yulin 2007, kuma yau yana da tashoshi sama da 1,400 a cikin birnin da kewayensa. Kowace tasha jerin turaku ne na ƙarfe a gefen titi, kowane keke a kulle a turkensa kamar doki a barga. Korayen kekuna da ƙarfin ƙafa ake tuƙa su, shuɗayen kuma suna da batir mai taimaka wa mahayi.

Babu mai tsaron tasha. Da waya da katin banki muka sayi tikitin yini guda, aka ba kowannenmu lambobin sirri da zai danna a jikin keke ya buɗe. Sai dai akwai jingina ta Yuro 300 da za a iya cirewa idan keke ya ɓata a hannun mutum. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka duk lokacin da muka mayar da keke sai mun tsaya mun ga alama a ɗan allonsa cewa ya kullu.

Babbar ƙa'idar ita ce ta rabin awa. A tikitinmu, minti 30 na farko na kowace tafiya a koren keke ba a ƙara ko sisi, daga nan sai kuɗi su fara hawa. An yi haka ne don kada mutum ɗaya ya riƙe keke yini sur alhali wasu na jira. Wannan ƙa'ida ita ta tsara mana yawonmu: mu hau, mu isa wuri, mu mayar da keke tasha mafi kusa, mu yi kallo a ƙafa, sannan mu ɗauki wani.

Mun fara daga Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, mai hasumiya mai tsawon mita 33. Kafin mu hau, kowa ya matsa taya, ya gwada birki, ya daidaita sirdi. A nan muka lura da wani keke da aka juya sirdinsa yana kallon baya. Ashe al'adar mutanen gari ce: wanda ya tarar keke ya lalace sai ya juya sirdin, don mai zuwa bayansa kada ya ɓata lokaci.

Cikin 'yan mintuna muka gangara bakin Kogin Sen, muka tsallaka gada zuwa tsibirin da cocin Notre-Dame take. Ita ce ta yi gobara a Afrilun 2019, aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Daga nan muka ɗauki wasu kekunan muka bi titin Rivoli, wanda tun 2020 aka ba masu keke mafi yawan faɗinsa. Gidan tarihi na Louvre na hannunmu na hagu, doguwar barandar shaguna na hannun dama. A gabanmu akwai dattijo da kwat da jakar ofis, a bayanmu wata uwa da ɗanta a kujerar baya. Babu mai kallon wani.

A dandalin Konkod muka tsaya kallon dogon ginshiƙin dutse da aka kawo daga Luksor ta ƙasar Masar aka kafa a 1836. Sai muka sake tsallaka kogin, muka bi gaɓar da aka hana motoci shiga, har Hasumiyar Ifel ta 1889 ta tsaya a kanmu da tsawonta na mita 330.

Hawan keke a can yana da dokokinsa. Dama ake bi kamar a gida. Jar fitila ta shafi mai keke, ba a hawa hanyar masu tafiya a ƙafa, kuma riƙe waya ko toshe kunne da abin jin waƙa na jawo tarar Yuro 135. Tsarin ma yana da tasa wahalar. Wuraren da baƙi ke tururuwa tashoshinsu kan cika, sai ka zo babu turken da za ka saka keke, ga agogo na tafiya. A kan tudu irin na Montmartre kuwa akasin haka ne, domin kowa na son gangarowa, masu son haurawa kaɗan ne. Maganin shi ne duba taswirar manhaja tun kafin a isa.

Ƙannenmu da ke tafiya makaranta a keke, wasu har suna jin nauyin a gan su, ku sani cewa a ɗaya daga cikin biranen da suka fi karɓar baƙi a duniya keke abin hawan kowa ne. Abin da ke riƙe da tsarin kuma ba jinginar Yuro 300 kaɗai ba ce. Kusan keke 20,000 ne ke kwana a titi, kuma suna ci gaba da aiki saboda yawancin mutane na mayar da su yadda suka same su. Kujerun ajinku da littattafan laburarenku su ma kayan kowa ne, kuma irin wannan riƙon suke bukata.