Ranar Da Ta Ce "Baba"

Mai karatu, kafin mu yi nisa, ɗan toshe hancinka da yatsu biyu ka ce "baba". Ta fita sarai, ko? To, yanzu ka ce "mama". Ka ji yadda ta maƙale? Riƙe wannan a ranka, domin a kansa labarina ya ta'allaƙa.

An haifi ɗiyar yayata da tsagar leɓe, tsagar kuma ta zarce har ganɗa, wato rufin baki. Ranar suna mata sai ƙus-ƙus suke yi, wata ta ce iska ce, wata ta ce ai uwar ce ta yi wa wani dariya tana da ciki. Likita ne ya raba gardama. Ya ce leɓe da ganɗa suna haɗewa ne a watanni ukun farko na ciki, a wasu jariran kuwa haɗewar ba ta kammaluwa, kuma ana samun haka a kusan haihuwa 1 cikin 700 a duniya. Babu laifin uwa a ciki.

An ɗinke mata leɓen tana wata 5, aka gyara ganɗar tana shekara ɗaya da rabi. Irin wannan aiki ne ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, take ɗaukar nauyinsa kyauta a asibitoci da dama na Nijeriya. Mu dai muka ce alhamdulillahi, an gama. Ni da nake mayen kallo har na tuna da Smile Pinki, fim ɗin gaskiya kan wata yarinya 'yar ƙauye a Indiya da aka yi wa aikin leɓe, wanda ya ci kyautar Oscar a 2009. Na ɗauka mu ma mun zo wurin da ake rubuta "ƙarshe". Ashe da sauran rina a kaba.

Da ta fara magana, sai muka ji tana kiran mahaifinta "Mama". Farko abin dariya ya zame mana. Amma har ta shekara uku ba ta canza ba, maganarta duk ta hanci take fita, in ba uwarta ba babu mai ganewa.

Wata ƙwararriya kan koyar da magana da aka tura mu wurinta ita ta warware mana. Ta ce can bayan rufin baki akwai wani nama mai laushi, wanda malaman Hausa ke kira hanɗa. Shi ke ɗagawa ya rufe hanyar hanci don iska ta taru a baki, sannan "b", "d", "k", "s" su fita. "M" da "n" kuwa dama ta hanci suke bi. Idan iska na sulalewa ta hanci, sai "b" ta koma "m". Ka ga ke nan yarinyar nan tun tuni "Baba" take faɗa, mu ne ba mu ji ba. Ta ƙara da cewa tiyata tana rufe ɓaraka, amma ba ta koya wa harshe inda zai sauka. Wannan sai da horo, wasu yaran ma sai an sake yi musu aiki.

Ta fara da sa a gwada jinta, domin irin waɗannan yara ruwa kan taru a kunnensu, wanda bai ji daidai ba kuwa yaya zai faɗa daidai? Sannan ta ba mu aikin gida, minti goma kullum cikin wasa. A sa ɗan madubi ƙarƙashin hancinta ta ga tururin da kanta. A toshe hancin a hankali ta ji yadda "ba" take fashewa a leɓe. Kada a amsa tambaya a madadinta, kada kuma a kwaikwaye ta.

A nan ne na ji kunya. Wata rana muna kallon fim ɗin barkwanci, ɗan wasan yana magana ta hanci, ni kuwa ina ta ƙyaƙyata dariya. Da na waiwaya sai na ga ta zuba min ido. Wallahi yinin ranar ba ta sake cewa uffan ba. Tun daga nan irin wannan wasa ya fita a raina. 'Yan fim da marubutanmu, don Allah ku tuna akwai irinta a gaban talabijin.

Wata bakwai muna fama. Ran nan da yamma mahaifinta ya dawo daga kasuwa, ta tare shi a zaure, ta haɗe leɓɓanta kamar mai shirin ɗaukar kaya, ta ce, "Baba." Ya tsaya cak da leda a hannu. Ya ce, "Me kika ce?" Ta sake faɗa. Bawan Allah nan sai ya juya mana baya, wai ƙura ce ta faɗa masa a ido.

Har yanzu "ƙ" da "ts" suna ba ta wuya, muna kai. In akwai irin wannan yaro a gidanku ko maƙwabta, kada a tsaya a ɗinki kawai. A koma asibiti a tambayi mai koyar da magana, tun icce yana ɗanye.