Farantin Mushe

A wani ƙauye da ke arewa da Tasawa, cikin jihar Maraɗi, akwai wani malamin lakwal wanda kowa ke kira Mushe. Da rana yana koya wa yara, da dare kuwa, sau uku a mako, yana koya wa matan gari karatu da rubutu a wani ɗaki da ke gefen majami'a. Matan ba su da wani lokaci sai dare, gama yini duka suna wurin rijiya, ko daka, ko gona. Layin kuran bai kai ƙauyen ba. Da 'yan fitilun hannu suke karatu, mace uku ko huɗu a kan fitila ɗaya, kuma tsofaffin cikinsu ba sa iya rarrabe baƙi da baƙi.

Sai matan suka yi shawara, suka riƙa zuba kuɗi kowace ranar kasuwa daga ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da kuɗin suka taru, tsohuwar da ke riƙon asusun, wadda dukansu ke kira Inna, ta kwance bakin zanenta a gaban Mushe ta ce, "Ɗana, ga amanarmu. Ka sayo mana wutar rana."

Mushe mutum ne mai hannu. Babu rediyo ko agogo da ya lalace a ƙauyen da bai bi ta kan teburinsa ba. Yana kuma da wani mutum da yake alfahari da shi, wato Abdu Mumuni Diyofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya zama babban masanin kimiyya, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Yamai tun daga 1969, ya rasu a 1991, har jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. Mushe yakan gaya wa yaransa cewa ɗan ƙasarsu ne ya nuna rana ba zafi kaɗai take bayarwa ba. Saboda haka da ya ƙidaya kuɗin, ya ga za su sayi batir, da ƙwayayen fitila, da waya, da na'urar da ke tsare batir, da faranti matsakaici, ba sauran ko dala, sai wani tunani ya shiga zuciyarsa. In ya haɗa farantin da hannunsa, ai za a sami rarar da za a sayi alluna da littattafai. Ƙarƙashin wannan kyakkyawan dalili kuma akwai wani da bai faɗa wa kansa ba: yana so a ce Mushe ne ya yi.

Ya kira ɗan ƙanwarsa da ke aikin lantarki a Yamai. Yaron ya saurara, sa'an nan ya ce, "Kawu, jera ƙwayoyin ba shi ne wahalar ba. Rufe su ne." Mushe ya yi dariya ya ce wanda ya rufe rumbu shekara ashirin ba za a koya masa rufi ba. Yaron bai ƙara magana ba, ya aiko masa da ƙwayoyi 40 masu araha, irin waɗanda masana'anta ke warewa saboda ɗan aibu.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da haɗa faranti a gida. Ƙwayar kanta ba a yin ta a gida. Da silikon ake yin ta, ma'adinin da ake tacewa daga farin dutse, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,400, kuma mafi yawan ƙwayoyin duniya a masana'antun ƙasar Sin ake yin su. Abin da mai hannu ke iyawa shi ne ya jera su ya liƙa su. Kowace ƙwaya tana ba da wajen rabin bolt. In an haɗa 36 a jere, bayan wannan da gaban waccan, sai a sami wajen bolt 18, abin da ya isa ya tura wuta cikin batir mai bolt 12.

Mako uku Mushe ya yi a kan aikin. Da yake babu kuran, a garwashi yake gasa ƙarfen liƙi, kamar masu gyaran bokiti. Ƙwayoyin kuwa ba su kai ɓawon ƙwai kauri ba. In ƙarfen ya yi zafi da yawa su tsage, in ya huce dalma ta ƙi kamawa. Biyar suka fashe a hannunsa. Da ya ƙidaya ya ga lafiyayyu 35 ne, sai ya zaɓi wadda tsagarta ta fi ƙanƙanta cikin biyar ɗin ya cika jerin da ita. Kafinta ya yi masa akwatin katako, ya ɗora gilashin taga a kai, ya bi gefe da gefe da danƙo ya toshe.

Ranar da ya fito da shi rana, ma'aunin wuta ya nuna bolt 21. Daren nan ƙwayaye huɗu suka kama, ɗakin ya yi fari fat, mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta ɗaga allonta ta karanta sunanta ba tare da ta matso da shi kusa da ido ba. Mushe ya raba sababbin alluna. Bai gaya wa kowa cewa farantin da ke bisa rufi aikin hannunsa ne na farko ba, ya bar maganar sai ya ga ya daɗe. Duk bazara wuta ba ta yi gardama ba.

Damina ce ta tona asiri. Ba ruwan sama ne ya zuba ciki ba, gama Mushe ya toshe sosai. Iska ce. Da rana iskar cikin akwatin takan yi zafi ta kumbura ta sami 'yar kafa ta fita. Da dare in akwatin ya huce sai ya zuƙo iskar waje mai laima. Da safe raɓa ta kwanta a ƙarƙashin gilashi, inda hannu ba ya kaiwa. Kafin watan Agusta ya ƙare, siraran wayoyin da ke haɗa ƙwayoyin sun fara tsatsa, katako ya sha laima ya karkace, tsagar nan ta ƙwaya ta 36 ta buɗe. Ƙwayoyin da ke jere kuwa kamar mutane ne masu miƙa tubali hannu da hannu: in ɗaya ya gaza, abin da ya iya miƙawa shi kaɗai ke kaiwa ƙarshe. Raunanniyar ƙwayar ta riƙa tare wutar 'yan'uwanta tana zafi, har ta bar tabon ƙuna a katako.

Fitilun da ke kaiwa ƙarfe goma suka koma mutuwa kafin tara. Mushe ya san haɗarin da ke tafe, domin batir mai ruwa in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan kama dalmar cikinsa ya daina riƙe wuta, batir ɗin kuwa shi ne ya ci mafi yawan kuɗin matan. Sau biyu ya ɗora shi a amalanke da asuba ya kai gari aka cika masa, ya komo kafin a lura. Matan suna cewa hadari ne ya hana rana, shi kuwa ya yi shiru. Wannan shirun ya fi raɓar damunsa.

A karo na uku, yana ɗaura batir, sai ga Inna za ta rijiya. Ta dubi batir, ta dube shi. Nan ya zauna a bakin amalanke ya faɗa mata duka. Tsohuwar ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "Ɗana, ba ka ci kuɗinmu ba, na sani. Amma mu sayowa muka ce. Da ka ce gwaji za ka yi, da mun ce to ko mun ce a'a. Gwaji da hatsin mutum ake yi, ba da na ajiya ba." Daren nan ya tsaya gaban aji ya maimaita maganar da bakinsa. Kashegari ya kai ragon da yake kiwo domin Kirsimeti kasuwa.

Da ya sake kiran ɗan ƙanwarsa, wannan karon ya saurara. Yaron ya bayyana masa cewa a masana'anta ba akwati ake sa ƙwayoyin ba. Ana shimfiɗa su tsakanin ledoji na musamman, gilashi mai tauri a sama, a sa su cikin injin da ke zuƙe iska duka, a gasa da zafin wajen digiri 150 har ledar ta narke ta manne kome ya zama abu ɗaya. Babu gurbin da raɓa za ta kwanta. Shi ya sa masana'antun kirki ke ba da tabbacin shekara 25. Ya ƙara da cewa lissafin Kawu na dā ne. Lokacin da faranti ke da tsada ƙwarai, haɗawa a gida tana da riba. Amma daga 2010 zuwa 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, har ya zama gilashi da katako da danƙo da dalma, in an tara kuɗinsu, ba su bar wata rarar kirki ba.

Mushe ya shiga kasuwar Maraɗi da kuɗin rago a aljihu da ma'aunin wuta a jaka. Wani mai shago ya nuna masa faranti mai araha, an rubuta wat 300 a bayansa. A dā da ya gaskata takardar. Yanzu sai ya auna shi, ya ga tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa rabin mita. Ya san tsakar rana tana zuba wajen wat 1,000 a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi, faranti mai kyau kuwa kashi ɗaya cikin biyar yake mayarwa wuta. Rabin wannan fili ba zai wuce wat 100 da 'yan kai ba, kome aka rubuta. Ya ƙidaya ƙwayoyin, ya duba ko akwai tsaga ko kumfa a ƙarƙashin gilashi, ya roƙa a fitar da faranti rana ya ɗora ma'auni. Na wat 100 na gaske ya kamata ya ba da amfiya 5 zuwa 6. Sai a shago na uku ya sami wanda takardarsa da ma'auninsa suka yi magana ɗaya. Mai shagon ya tambaye shi inda ya yi karatun sola. Mushe ya ce a bisa rufin ɗaki, kuma rago guda ya biya.

Hannunsa bai rasa aiki ba. Shi ya ƙera mazaunin faranti, ya fuskantar da shi kudu, ya karkata shi wajen digiri 15, ya bar sarari a ƙarƙashi domin iska ta ratsa, gama faranti in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Ya sa waya mai kauri gajeriya, ya sare reshen dogon yaron da ke jefa inuwa da yamma. Ya koya wa mata biyu duba ruwan batir, ya sa yara su riƙa share ƙura da tsumma mai laushi kowace safiya lokacin hazo. Daga baya ya tuna cewa abubuwan da ofishin Abdu Mumuni ya yi suna da su, irin na'urar ɗumama ruwa da murhun rana, na ƙarfe ne da gilashi, waɗanda maƙeri zai iya. Sai ya ɗauki gilashin tagar da ya rage ya yi wa matan akwatin shanya tumatir da kuɓewa. Wannan kam iska yake so, raɓa ba ta kashe shi.

Tsohon farantin yana jingine a bangon lakwal da tabon ƙunarsa. In sababbin yara sun zo, Mushe yakan fitar da shi rana, ya haɗa masa ƙaramar farfela, su ga tana juyawa. Sa'an nan ya sa yaro ɗaya ya rufe ƙwaya guda da tafin hannu, su ga ta tsaya.