Awoyin Inji da Lafiyar Katako: Cinikin Tsohon Jirgin Ruwa a Mishigan da Yawuri

A jihar Mishigan ta Amurka, tallar tsohon jirgin ruwa mai inji ba ta cika sai an faɗi awoyinsa. Mai sayarwa zai rubuta shekarar ƙira da tsawon jirgin, sannan ya ce injin ya yi awa 400, ko 900, ko 1,300. Kusa da sitiyari akwai ɗan agogon da ba ya motsi sai injin na aiki, shi ke wannan ƙirga. Da zarar adadin ya haura dubu, sai ka ga masu saye suna ja da baya, farashi ya yi ƙasa. Abin da makanikai suka saba faɗa shi ne, injin fetur na cikin jirgi kan kai wajen awa 1,500 kafin ya nemi garambawul, na dizal kuwa yana iya wuce 5,000. Dalilin da suke kawowa a fili yake: ruwa ba shi da gangara, injin jirgi kullum kamar mota yake mai hawan dutse da lodi.

Duk wanda ya san tashar Yawuri ranar kasuwa, wannan lissafi zai ba shi dariya. Mai fito da ke aiki awa biyar a yini, cikin kwana 300 ya cinye awa 1,500 ɗin nan, kuma injinsa Yamaha mai ƙarfin doki 40 yana nan yana kai mutane da buhunan hatsi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Babu agogo a jikinsa, babu kuma mai tambaya. Ba'amurke mai jirgin shaƙatawa kuwa da ƙyar yake yin awa 50 zuwa 100 a shekara, domin lokacin hawa ruwa a Mishigan daga watan Mayu ne zuwa Oktoba. Sauran watannin ƙanƙara ce, jirgi na tudu an lulluɓe shi da farar leda.

Wannan dogon zama shi ke cinye musu injuna, kuma gogaggun cikinsu sun sani. Fetur ɗin Amurka akasari ana gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda ke jan danshi. In ya daɗe a tanki sai ya lalace ya toshe kafireta. Robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji takan bushe ta tsattsage. In aka yi sakaci ba a tsiyaye ruwan cikin inji ba kafin hunturu, zai daskare ya kumbura ya fasa ƙarfen, asara ta dubban daloli a dare ɗaya. Shi ya sa tsohon hannu kan zaɓi jirgi mai awa 1,200 da ke da cikakkun takardun sabis, ya bar mai awa 200 da ya shekara goma a bayan gida.

Inda suka sha bamban da mu sosai shi ne yadda ake gano gaskiyar kaya. A can mai saye yana ɗauko ƙwararren mai duba jirgi, ya biya shi daga aljihunsa, kuma mutumin ba ya cin ko sisi daga cinikin, ya faɗa ko ya watse. Zai sa a ɗaga jirgin daga ruwa, ya bi jikinsa da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Tsofaffin jiragen faiba da yawa akwai katako a cikin bangonsu na baya da daɓensu, in ruwa ya shige shi sai ya ruɓe ba tare da ido ya gani ba. Makanike kuma zai kwance fulogi ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, ya ɗebi baƙin mai a aika ɗakin gwaji a duba ko akwai garin ƙarfe ko ruwa a ciki. Injunan zamani ma kwamfutarsu na ajiye awoyin, har da nawa aka yi ana gudu, nawa ana tafiyar hawainiya. Za a tambaya ko jirgin ya taɓa zama a ruwan gishiri irin na Fulorida, inda tsatsa ke cin bututun hayaƙi cikin 'yan shekaru. Daga ƙarshe a fita da shi ruwa a buɗe masa wuta. Kamfanin inshora sau da yawa ba ya karɓar tsohon jirgi sai da rahoton wannan bincike.

A bakin kogin Kwara kunne da shaida ne ke wannan aiki. Mai saye zai zo da makanikensa, a ja igiya, a saurari kukan injin, a dubi hayaƙi, a ga ko ruwan sanyaya na tsartuwa da ƙarfi. Dillali zai ce, "Alhaji, wannan ka san hannun da ya fito, ba a taɓa buɗe cikinsa ba." Kada a raina wannan hanya. A garin da kowa ya san kowa, tarihin inji ba ya ɓuya, kuma irin injin da muke haɗa wa fetur da baƙin mai ba shi da sarƙaƙiya: a ƙarƙashin bishiya makanike zai canja masa fistin da ringi, gobe ya koma aiki. Ba'amurke kuwa yakan yar da injin da zai gyaru, don kuɗin makanike na awa ɗaya ya wuce dala ɗari. Illar dai ita ce la'adar dillali tana rataye ne a kan faɗuwar ciniki, kuma hankalin kowa na kan inji, domin shi ne mai tsada.

Alhali ba inji ne ya fi kashe mana mutane ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kabi ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150, kuma jami'ai suka ce tsoho ne, an yi masa lodi fiye da kima. A watan Nuwamban shekarar aka yi na Bagwai a Kano, inda akasarin mamatan yara ne 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 kuma sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. Katakon da ya gaji, lodi, duhu da kututturan da ke ɓoye a ruwa, su ake ta ambata. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, amma ma'aikatanta ba za su iya tsayuwa a kowace mashaya ba. A Amurka ƙaramin jirgin da bai kai ƙafa 20 ba tun daga masana'anta ake manna masa allo mai faɗin mutum nawa da nauyi nawa zai ɗauka.

Tsoron awoyi ba abin da za mu aro ba ne. Masu fitonmu sun riga sun nuna cewa inji mai aiki kullum, in ana kula da mansa, ya fi mai zama lafiya. Wanda ya sayi tsohon kaya, ko a ina yake, ya sayi rariya ne, ya san za ta zubar da ruwa, sai ya ware kuɗin gyara tun ranar ciniki. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne mai duba wanda ba shi da rabo a cinikin. Muna da kafintocin jirgi da suka san ruɓaɓɓen katako da taɓawa ɗaya, muna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito da ake jin maganarsu a tasha. In suka tsaya cewa ba a sayar da jirgin fasinja, ba a kuma shiga damina da shi, sai an jawo shi tudu kafintan da ba na mai shi ba ya duba gindinsa, aka rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da fenti a jikinsa, kuɗin abin ba zai kai na farfela ɗaya ba.