Karanta Allon Likita Ba Shi Kaɗai Ne Lafiyar Ido Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili in yi wa 'yan'uwana ma'abota alƙalami tsokaci.

Ni akawu ne a wata masana'anta a Bompai. Tun ina makaranta ba na hangen nesa sai da tabarau. A 2023 na tattara ɗan abin da na tara, na tafi ƙasar waje aka yi mini aikin ido da hasken lesa. Shi wannan aiki, a tantanin nan mai haske da ke rufe da baƙin ido ake yinsa. Kaurinsa bai fi rabin milimita da kaɗan ba, amma shi ke ɗauke da wajen kashi 2 cikin 3 na aikin tattara haske. Sai a ɗan kankare shi, a gyara lanƙwasarsa. A Amurka tun 1995 hukuma ta yarda da irinsa.

Washegari na karanta allon likita har layin ƙasa, na yi ta murna. Ashe da sauran rina a kaba. Da hunturu ya kama, aka riƙa aikena Sharaɗa da Challawa cikin ƙura, sai na ji kamar an zuba mini rairayi a ido. Da dare kuwa kowace fitilar babbar mota sai ta yi kewaye kamar wata ya yi sansani.

Na je wurin wani likita a nan Kano. Ya haska zobba a idona ya duba santsin tantanin, kana ya auna hawayena. Ya ce aikin ya yi kyau, amma yakan yanke ƙananan jijiyoyin da ke sa ido ya yi hawaye, sai ido ya bushe, gani ya riƙa dushewa. Ya ba ni maganin ɗigawa. Bayan watanni, alhamdu lillahi, na samu sauƙi.

To, jama'a, duk mai niyya ya sa a auna masa kaurin tantanin nan, da siffarsa, da yawan hawayensa tukuna. Ya kuma gaya wa likita irin ƙurar da yake aiki a cikinta. Ya sani lesa ba ta hana yana, ba ta kuwa hana neman tabaran karatu bayan shekara 40. Ido ba shi da sauyi a kasuwa.

Allah ya tsare mana ganinmu, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Bompai, Kano.