Falasma ko LCD? Yadda Muka Zaɓi Akwatin Talabijin

Tun kafin kakar 2023 maganar akwatin talabijin ta hana mu sakat a gida. Tsohon akwatinmu mai ƙaton ƙeya, wanda muka saya shekarar da muka yi aure, ya daɗe yana ciwo. Ran nan sai ya yi ƙara guda, ya yi warin ƙuna, ya yi shiru. Mai gyara a Tudun Wada ya buɗe shi, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan kam ya riga mu gidan gaskiya." Daga nan yara suka koma kallo a gidajen maƙwabta, har wani lokaci sai ƙarfe goma na dare mu ke bin su da tocila. Uwargida ta ce ba za ta zuba ido 'yan mata suna yawon dare saboda wasan kwaikwayo ba. Muka shirya cewa in Allah ya kai mu girbi za mu sayar da masara buhu huɗu, ita kuma ta ƙara da kwasar adashinta, mu sayi wani.

Ku da ku ke zaune a karkara kun san nauyin buhu huɗu a gidan malamin makarantar ekklesiya. Albashi ba ya kai mu ƙarshen wata sai gona ta tallafa, ga kuɗin makarantar manyan yara yana jira a watan Janairu. Saye ne wanda in an yi kuskure ba za a sake ba sai bayan shekaru.

Ɗanmu na fari ya ce, "Baba, falasma za a sayo, ko?" Muka ce i mana. A nan wajenmu, daga Kiru har Doguwa, kowane akwati mai faɗi marar ƙeya falasma a ke ce masa, kamar yadda a ke kiran kowane garin sabulu Omo. Mu ma haka muka ɗauka har ranar da muka shiga kasuwa.

Ranar wata Asabar muka yi sammako tare da uwargida, muka bi ta Kwanar Dangora muka hau titin Zariya zuwa Kano, muka nufi kasuwar Sabon Gari. Mai kantin da muka fara shiga ya tambaye mu, "Falasma ta ainihi ku ke so, ko LCD?" Muka dubi juna. Sai ya kunna mana guda biyu a jere. Ɗaya ƙatuwa ce mai inci 42, ta hannu, irin waɗanda a ke kawowa daga Turai su sauka kasuwar Alaba a Legas kafin su hauro Arewa. Ɗayan kuwa sabon LCD ne a kwalinsa, inci 32 kaɗai. Abin mamaki, babbar ta fi ƙaramin araha.

Ba za mu ɓoye muku ba, zuciyarmu ta tafi ga babbar nan da nan. Ƙwallo a ke nunawa. Ciyawar filin kore shar, baƙin hoton baƙi ƙirin, in an buga ƙwallo kana ganinta sarai ba ta jan wutsiya. Muka matsa can gefe, kusan jikin bango, hoton bai canja ba. Da muka yi wa ƙaramin haka sai launinsa ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Har mun fara hango akwatin a ɗakinmu ranar Kirsimeti, baƙi suna shigowa suna cewa, "Kai, Malam, ashe an samu ci gaba!" Wannan tunanin ma yana cikin abin da ya ke sa mutum ya buɗe aljihu, ko da ya ke ba mu cika yarda da haka a fili ba.

Uwargida ce ta zaga baya ta ɗora hannu a kan babbar. Ta janye, ta ce a hankali, "Malam, zo ka taɓa. Wannan ai sai a gasa gurasa a kanta." Muka taɓa, lalle da zafi, alhali ba ta fi minti ashirin a kunne ba. Ta ce, "Abin da ya ke zafi haka, me ya ke ci?" Muka roƙi mai kanti ya juya mana su, muka karanta 'yar takardar da ke manne a bayan kowanne. A bayan babbar an rubuta wat 300, a bayan ƙaramin wat 45. Muka kwafe a tafin hannu, muka ce masa za mu zaga mu dawo.

Akwai wani tsohon ɗalibinmu da ya ke gyaran talabijin a wani lungu na kasuwar. Muka neme shi. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya aika a sayo wa Mama ruwan sanyi, sa'an nan muka zama ɗalibai, shi ya zama malami. Ga abin da ya koya mana, tare da abin da muka ƙara bincikawa daga baya.

Fuskar falasma gilashi biyu ne a haɗe, tsakaninsu kuwa akwai 'yan ɗakuna ƙanana fiye da miliyan, kamar saƙar zuma, kowanne cike da iskar gas. In wuta ta ratsa ɗaki sai iskar ta ba da wani haske wanda ido ba ya gani, shi kuma ya tada fentin da ke jikin ɗakin ya haska ja, ko kore, ko shuɗi. Watau kowane ɗigo na hoton fitilar kansa ce. Shi ya sa baƙinta ya ke da kyau, gama inda a ke son duhu sai ɗakunan su yi kusan mutuwa, shi ya sa kuma a ke ganinta daidai ta kowane gefe. Amma hura fitilu miliyan ba wasa ba ne. Gwargwadon hasken hoto, gwargwadon wutar da za ta sha, mai yawa kuma daga cikin wutar zafi ta ke zama.

LCD dabam ya ke. Fitilarsa tana baya, tana ci kullum, a gabanta kuwa akwai wani ruwa na musamman a tsakanin gilasai wanda ya ke buɗewa ya rufe bisa ga umarnin wuta. Ku ɗauka kamar asabari ne a ƙofar ɗakin da aka kunna fitila: inda aka ɗaga haske ya fito, inda aka sake ya tare. Asabari kuwa ba ya tare haske duka, don haka baƙin LCD ya kan yi toka-toka, wanda ya zauna a gefe kuma ba ya samun rabonsa cikakke. Na farkon suna da dogayen fitilu siraru a baya. Na yanzu ƙananan ƙwayayen LED a ke sa musu, irin na tocilar zamani, masu cin wuta kaɗan. Saboda haka in mai kanti ya ce muku nasa LED ne ba LCD ba, kada ku ruɗe, duk ɗaya ne, fitilar baya ce kawai ta sake.

Sa'an nan ya faɗa mana maganar da mai kanti bai faɗa ba. Ya ce, "Malam, ai an daina yin falasma." A Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro ta a 1964, ta fara shiga gidaje wajen 1997 da tsada mai ban tsoro, ta yi zamaninta. Amma LCD ya yi ta ƙara girma yana ƙara araha har ya ƙwace kasuwa. Kamfanin Pioneer ya janye, sa'an nan a 2014 Panasonic da Samsung da LG duka suka rufe aikinta. Ashe wadda muka gani tana ƙyalli, ko da ita ce autar masana'anta, ta kai shekara tara a lokacin. Ya nuna mana guda uku jingine a bangon rumfarsa. Ya ce in wani allo na cikinta ya ƙone, sai an jira wata irinta ta mutu a ciro nata. Ya kunna ɗaya ya sa farin hoto, sai ga tambarin wata tashar Turai a kusurwa kamar inuwa. Ya ce ya zauna ke nan har abada, domin falasma in hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya sai ya ƙona gurbinsa.

Ya ƙara da cewa ba a kwantar da ita a mota, sai a tsaye, gama gilashin yana da nauyi, gargada kaɗan sai ya tsage. Nauyinta ya kai rabin buhun siminti. Muka tuna ramukan da ke tsakanin babban titi da ƙauyenmu, da ɗan acaɓan da zai ƙarasa da mu gida.

Duk da haka ba wannan ne ya yanke maganar ba. Lissafi ne. Muka zauna a bencinsa muka ari biro. Ƙauyenmu yana da turakun lantarki, amma wutar baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwanta. Abin da mu ke dogara da shi faifan sola ne guda a kan rufi da batir ɗaya mai bolt 12, ampiya 100. In ka ninka biyun za ka sami 1,200, watau ƙarfin da zai riƙe wat 1,200 na awa guda. Amma irin wannan batir in ana shanye shi ƙaf ba ya shekara, rabi kaɗai ya kamata a taɓa. Saura 600. Fitilunmu huɗu ne masu wat 5, in sun ci awa biyar sun ɗauki 100. Cajin wayoyi da rediyo mu ce 50. Abin da ya rage wa kallo 450 ne.

To, ko mu yi wa falasma adalci mu ce ba kullum ta ke shan 300 ɗin ba, mu ba ta 200. A ƙara dikoda, a ƙara abin da inbata ta ke ci wajen juya wutar batir. Awa biyu ba za su cika ba sai komai ya ɗauke, in ma 'yar inbatarmu ta iya ɗaukarta. Ƙaramin kuwa, shi da dikoda wat 60 ne, zai yi awa bakwai da ɗoriya. Yana kuma da wata kafa da a ke haɗa shi da batir kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba.

Da muka ga lambobin sai muka tuna shekarar 1996, muna samari, lokacin da Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2 a wasan Olamfik na Atlanta. A tsakar gidan wani tela muka yi kallo, da ɗan akwati baƙi da fari wanda a ke haɗawa da batirin mota. Duk wanda ya yi kallo da irin wannan ya san yadda hoto ya ke tsukewa daga gefe in batir ya fara gajiya, har 'yan wasa su koma kamar tururuwa. Rabin hankalinmu yana kan ƙwallo, rabi yana kan batir. Shekara ashirin da bakwai sun wuce, akwatuna sun sake kama, amma a ƙasar Falgore har yanzu batir ne mai gida.

Uwargida ta ce, "To, a tada janareta mana in ana son kallo." Ta faɗa ne don ta ji amsarmu, gama ta fi mu sanin kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ɗan janaretanmu kuwa yana ƙarƙashin gado tun daga lokacin. Muna da wani ɗan'uwa a wajen Bebeji, kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wanda ya sayi irin wannan babbar shekarun baya. Tana nan a falonsa an lulluɓe ta da farin leshi, an ɗora hoton aure a gabanta. Rediyo ya ke saurara. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tasa kam adon kaɗai ta ke yi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne fitilun nan huɗu. A ƙarƙashin ɗaya 'yarmu ta ke karatun jarrabawar fita sakandare. A ƙarƙashin wata mu ke duba littattafan 'yan aji biyar, mu shirya darasin gobe. Da mun kawo babbar gida, kowane dare sai an zaɓa tsakanin kallo da karatu, mun kuwa san kanmu, mun san yaranmu, mun san wanda zai riƙa yin nasara.

Ba mu ce falasma ba ta da wurinta ba. Wanda ya ke birni, a unguwar da wuta ta ke zama, yana da ɗaki mai duhu da mai gyara kusa, in ya sami mai lafiya zai more hoton da LCD mai araha ba zai ba shi ba. Sai dai ya sa a nuna masa farin hoto tukuna ya duba ko akwai inuwa, ya kasa kunne ko tana ƙugi, ya karanta takardar baya. In kuwa yana shakka ko wace iri ce a gabansa, ya ƙwanƙwasa fuskar a hankali: ta falasma gilashi ce mai tauri, ta yawancin LCD kuwa tana ɗan lotsawa.

Muka koma muka sayi ƙaramin. Uwargida ta rungume kwalin a cinyarta tun daga tashar Unguwa Uku har gida. Ɗanmu da ya gani bai ce komai ba, sai ya auna faɗinsa da hannu ya fita waje. Kwana biyu yana gaishe mu a taƙaice.

Rashin da muka yi ya bayyana ranar Lahadi 11 ga Fabrairu 2024, daren wasan ƙarshe na cin kofin Afirka tsakanin Nijeriya da Kwaddibuwa. Mutane suka cika gidan, sai muka fito da akwatin tsakar gida muka ɗora a kan teburin makaranta. Waɗanda suka sami tsakiya sun ga komai. Na gefe kuwa suka yi ta gunaguni cewa rigunan 'yan wasa sun zama iri ɗaya, har wani dattijo ya ce, "Malam, wannan falasmar taka ba ta son talakawa." Muka ja tabarmi baya muka jera mutane a tsaye kamar layin asambule, yara a gaba, manya a baya. Troost-Ekong ya ci mana ɗaya kafin hutu, suka rama, sa'an nan Haller ya ƙara ta biyu saura minti tara. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya naɗe tabarmarsa ya tafi ba sallama. Muka mai da akwatin ɗaki, muka duba batir, yana nan da sauransa. 'Yarmu ta jawo littafin lissafinta, mu kuma muka ɗauko jan biro, gama akwai littattafai talatin da biyu da za a mayar wa masu su da safe.